Kwalba ta Bakwai

A ɗakin bakwaini na asibitin da nake aiki, a da kwalabe shida ne. Ga wanda bai taɓa shiga ba, kwalba ita ce akwatin gilashin nan mai ɗumi da ake kwantar da jaririn da ya zo duniya kafin lokacinsa. Shida ne a takarda, kuma ni na buga takardar, domin shekara goma sha tara ke nan ina zaune a ɗan ofishin da ke manne da ɗakin, ina buga wasiƙu ina jera fayil. Amma ka tari duk wata nas da ta taɓa aiki a wurin ka tambaye ta, za ta ce maka bakwai ne. Ta bakwan tana da ƙafa biyu, da bokiti, da sandar goge ƙasa.

Mai shara ce. Ni Yaya nake ce mata, don ta girme ni da shekara goma sha ɗaya, kuma ita ta nuna min inda ake ɓoye makullin banɗakin ma'aikata ranar da na kama aiki. Gajeriya ce mai jiki, ƙirjinta faffaɗa kamar faranti, hannuwanta duk sun yi kaushi sun tsattsage saboda maganin wanke ƙasa. Ba ta yi boko ba, da babban yatsa take sa hannu. Mijinta direban motar haya ne da ciwon ido ya zaunar a gida, 'ya'yanta uku duk sun girma. Labarinta zan ba ku, kuma ban yi alkawarin ba da shi da sanyin rai ba.

Tun kafin in zo aka laƙaba mata sunan. Sista, wato babbar nas ɗin ɗakin, ita ta ba ni labarin. Wata rana da hantsi aka kawo jariri na bakwai, kwalabe duk a cike, uwar kuma tana ɗakin tiyata ba a san ko za ta tashi ba. Tsohon Likita, wanda yake riƙe da ɗakin a lokacin, ya tsaya da jaririn a tafin hannu yana kallon rufi. Yaya tana bayan ƙofa da bokitinta, sai ta ce, "Likita, ni fa jikina zafi gare shi. Maigidana kullum ƙorafi yake, wai zama kusa da ni kamar zama kusa da murhu ne."

Nas-nas suka tuntsire da dariya. Tsohon Likita bai yi dariya ba. Ya sa ta wanke hannu har gwiwa sau uku, ya sa aka kawo farin zane, ya kwantar mata da jaririn a ƙirji, fata da fata, aka ɗaure. Bayan awa biyu ya auna zafin jikin yaron, ya cire tabarau ya ce, "To, jama'a, mun samu kwalba ta bakwai. Ita ko an ɗauke wuta tana aiki." Yaron ya rayu.

Tun daga ranar tana da farin zanenta na kanta. Ita ke tafasa shi, ita ke goge shi, kullum yana cikin leda a aljihun rigar aikinta. Ɗaurinta daban yake: ba a baya take ƙullawa ba, ba a gaba ba, a kafaɗar hagu ne, ƙulli ɗaya mai zarge, yadda idan yaro ya ɗauke numfashi ja ɗaya za a yi zanen ya saki. Ba wanda ya koya mata. Idan da yaro a jikinta ba ta ko kallon bokiti. Kujera take ja bakin taga ta zauna tana ninke ƙyallaye, tana yi masa hira kamar babban mutum.

"Ɗana, kai da ka yi gaggawa, me ka zo ka tarar? Ga duniyar, ka gan ta nan. Ba komai a ciki sai zafi da layin yankar kati."

Kowa ɗanta ne. Direban motar asibiti ɗanta ne, ɗaliban likita 'ya'yanta ne, har kyanwar da ke laɓewa bayan ɗakin wanki sai ta ce mata "'yata, fita" in za ta kore ta. Wa ya taɓa jin an tuhumi mace don ta ce wa yaro ɗana? Haka muke magana. Haka aka yi mana magana har muka girma.

Amma tana da ƙa'ida ɗaya da ba ta taɓa karyawa ba. Muddin uwa za ta iya zama ta riƙe abinta, Yaya ba ta ɗauka. Ita za ta je ta kamo hannun uwar, ta zaunar da ita, ta ɗaura mata, ta koma ga bokitinta. Ta kan ce, "Ni ajiya ake ba ni. Mai kaya na nan tafe."

Tsohon Likita ya yi ritaya, aka kawo Sabon Shugaba, mutumin da ya fi yarda da takarda a kan idonsa. A shekararsa ta biyu ne aka turo mana wata ɗaliba daga jami'a, mai neman digirin dakta a ilimin halayyar ɗan'adam. Siririya ce mai sanyin murya, kullum da ɗan littafi a hannu, shi ya sa nas-nas suka sa mata 'Yar Littafi. Ranar farko da ta leƙa kwalba ta ga yaro bai fi tafin hannunta ba, ga roba a hanci, sai ta sulale za ta faɗi. Yaya ce ta tare ta kafin kanta ya bugi ƙasa. Ta zaunar da ita a kujerar bakin taga, ta jiƙa mata sukari a ruwa, tana yi mata fifita da murfin fayil ɗina.

"Sha, 'yata. Kowa da haka ya fara. Sistar nan da kike gani tana muzurai, amai ta yi a kan takalmin Likita."

Sista ta ce, "Sharri kike min, Yaya. Kusa da takalmin ne."

Da ɗalibar ta dawo hayyacinta ta yi mana bayanin abin da ya kawo ta. Wai shaƙuwar uwa da jariri take bincike a kai: yadda jariri ke gane ƙamshin uwarsa da bugun zuciyarta, da abin da ke samun sa idan ya rasa wannan a kwanakinsa na farko. Yaya ta saurare ta tsaf, sannan ta ce, "Ikon Allah. Wannan ɗin ne sai an je jami'a?"

Wata huɗu 'Yar Littafi ta yi tare da mu. Mama take ce wa Yaya. A kwano ɗaya suke cin abincin rana, Yaya na tura mata naman gabanta tana cewa karatu ya tsotse ta. Da igiyar jakarta ta tsinke, Yaya ce ta tafi da ita gida ta ɗinke. Tana da 'yar rikoda da take ɗaukar hirar mutane, kuma da izinin Shugaba ta riƙa ba ni in saurara in buga maganar a takarda yadda aka faɗe ta. Ita kuma daga baya ta juya zuwa Turanci da kanta.

A cikin watannin nan ne aka kawo Ɗan Tsako. Yaya ce ta sa masa sunan, don kansa bai fi lemun tsami ba. Uwarsa tela ce, haihuwar fari, an yi mata aiki ta tashi lafiya, amma zuciyarta ba ta tashi ba. Kwana take ta yini fuskarta na kallon bango. Idan aka ce ta zo ta ga ɗanta sai ta ce in ta taɓa shi karyewa zai yi. Nas-nas sun lallashe ta, sun yi mata faɗa, mijinta ya yi kuka a gabanta, duk a banza. Yaron kuma likita ya ce ya isa fitowa daga kwalba a riƙa ɗumama shi a jiki. Sai ya koma ƙirjin Yaya.

Ku ji abin da matar da ba ta yi boko ba ta yi. Ba ta ce wa telar ta ɗauki ɗanta ba, ko sau ɗaya. Zuwa ta yi bakin gadonta da guntun farin yadi da allura da jan zare ta ce, "'Yata, an ce ke tela ce. Ina da wani kwastoma, duk hulunan ɗakin nan sun yi masa yawa. Ki taimaka min."

Telar ta ɗinka hula ba tare da ta juyo ba. Yaya ta kai ta dawo ta ce ta yi girma. Ta sake wata, Yaya ta ce ta matse. A ta uku telar ta fusata ta tashi zaune. "Haba Mama! Wane irin kai ne wannan? Ni ban taɓa ɗinki sau uku ba."

"To ni na san awo ne? Ga tef, ga mai kan. Zo ki auna abinki."

Haka ta taso tana bin bango, ta zagaya tef a kan yaron yana kwance a ƙirjin Yaya. Yatsanta ya taɓa kunnensa. Bai karye ba. Bayan kwana huɗu, ina leƙe ta tagar ofishina, na ga Yaya ta ja zargen kafaɗarta, ta zare yaron ta sa a cikin rigar uwarsa, ta ƙulla mata, ta ɗauki bokitinta ta fita tana ɗan waƙe-waƙenta. 'Yar Littafi tana wurin. Duk ta gani. Har hoton Yaya ta ɗauka a bakin taga da Ɗan Tsako a ƙirji, kwana biyu kafin nan.

A makon ne ta yi doguwar hira da Yaya, ta kawo min in buga. Na sa abin kunne na fara.

"Mama, idan kin ɗaura yaro a ƙirji, kina jin kamar naki ne?"

"Kamar? Wane irin kamar? Ai nawa ne. Duk na ɗakin nan nawa ne. Ke ma ai tawa ce."

Suka yi dariya su biyu.

"Idan uwarsa ta zo karɓa fa?"

"Sai in ba ta mana, ai ajiya ce. Ranar nake barci har da munshari."

"Mama, me ya sa kike yin wannan? Ba aikinki ba ne."

Sai na ji muryar Yaya ta sauya. "Kashe abin nan, 'yata."

"Na kashe, Mama."

Ba ta kashe ba. Da ta kashe, da ban ji abin da ya biyo baya ba.

"'Yata ce, ta fari. Wata bakwai. A wani asibitin ne, ba nan ba. Suka sa ta a kwalba suka ce kar in taɓa, wai hannuna da datti. Kwana tara ina kallon ta ta gilashi. Rana ta goma suka miƙo min ita a naɗe. Lokacin an yarda in taɓa. 'Ya'yana ma ba su san sun taɓa yin yaya ba. Ke na faɗa wa, don na ga da zuciya ɗaya kike tambaya."

Na cire abin kunnen na ajiye. Shekara nawa muna raba shayi da matar nan ban sani ba. Ko harafi ɗaya ban buga daga wannan wurin ba. Washegari na ja 'Yar Littafi gefe na ce mata rikodarta ba ta mutu ba. Ta dafe ƙirji ta ce, "Wayyo, mantuwa ce, Anti. Yau zan goge." Na yarda da ita. Yaya kuma ban gaya mata ba, don kar ta ji nauyin na ji. Wannan kuskurena ne, ba na ɗora wa kowa.

Ranar da 'Yar Littafi za ta tafi har da hawaye. Yaya ta raka ta bakin titi, ta riƙe mata jaka har ta samu mota.

Bayan wata bakwai rahoton ya iso, mai kauri, da bango mai sheƙi. Ni ke sa kowace takarda a fayil, kuma Turancin sakandare bai gudu ya bar ni ba, don haka na buɗe. Rabin farko yabo ne: ɗumama jariri a ƙirji yana ceton rai, yana ƙulla uwa da ɗa, ya kamata a koya wa kowa. Ina karantawa ina murmushi, ina cewa yau Yaya za ta ga sakayya. Sai na kai shafi na arba'in da ɗaya.

Ba a sa sunanta ba, wai don a rufa mata asiri. "Wata ma'aikaciyar tsafta" aka ce. A ɗakin da mai shara ɗaya ce tak take ɗaukar jarirai! An rubuta cewa a hira ɗaya ta kira 'ya'yan mutane nata sau ashirin da bakwai. Ƙirgawa aka yi, a cikin takardun da ni na buga. An ɗauko "ai nawa ne" an juya shi zuwa Turanci da kalmar da ake amfani da ita ga kayan da mutum ya mallaka. An ce tana shiga tsakanin uwa da jaririnta, aka ba da misali da wata tela da aka ce ta yi kwanaki ba ta samu riƙe ɗanta ba saboda yana jikin wata. Maganar ajiya babu ita. Maganar hula babu ita. Sannan ga sakin layi guda a kan 'yar da ta rasu: wata bakwai, kwana tara, gilashi, komai. An ce baƙin cikin da bai warke ba ne yake sa ta cike gurbi da 'ya'yan wasu, kuma hakan haɗari ne.

Kar wani ya ce min rashin fahimtar harshe ne. Da Hausa aka yi wa yarinyar nan raino. Uwarta ma ta ce wa ɗan maƙwabta ɗana. Ta san abin da kalmar take nufi sarai. Ta dai ga babin zai fi daɗin karatu a haka.

Shugaba ya kira mu ofishinsa, ni da Sista da Yaya. Bai ce Yaya ta zauna ba. Ya miƙo min rahoton ya ce, "Malama, karanta mata shafin nan ki fassara, kar ta ce ba a gaya mata ba."

Na karanta. Da na zo kan sau ashirin da bakwai, Yaya ta yi 'yar dariya ta ce, "Ashe ina da surutu." Da na zo sakin layin 'yar, sai na tsallake.

"Kin bar wani wuri," in ji Shugaba. Yana bi da yatsa a nasa kwafin.

"Yallaɓai, wannan ba na aiki ba ne."

Yaya ta ce, "Karanta, ƙanwata. Ai ba ke kika rubuta ba."

Na karanta. Da bakina na faɗa, a gaban namijin da ba ta haɗa komai da shi ba, abin da ta ɓoye wa 'ya'yan cikinta shekara talatin. Ba ta yi kuka ba. Ta daɗe tana kallon hannuwanta, sannan ta ce, "Ta ce ta kashe." Ta ɗago ta dube ni. "Ke ma kin ji?"

Na gyaɗa kai.

"Tun yaushe?"

"Tun lokacin, Yaya."

Ita ma ta gyaɗa kai. Da mari ta yi min da ya fi min sauƙi.

Sista ta miƙe. "Yallaɓai, yaran da matar nan ta riƙe suka rayu sun fi gashin kanka yawa. Ka tambayi kowa."

"A rubuce yake?" in ji shi. "Wannan a rubuce yake."

Ba a kore ta ba. An mayar da ita sharar baranda, aka kawo wata mai shara ɗakin. Aka ce in buga sanarwa cewa an haramta wa duk ma'aikacin da ba na jinya ba taɓa jariri. Na buga. In ban buga ba wata za ta buga, haka na gaya wa kaina, kuma har yau ban yarda da wannan uzurin ba.

Rahoton kuwa ya yi farin jini. Wata ƙungiya ta karanta ta ji daɗi, ta gyara tsohon sito da ke jikin ɗakin, ta ƙaro kwalabe huɗu suka zama goma. Aka turo masu horarwa su koya wa nas-nas yadda ake ɗaura jariri a ƙirjin uwa. Sun zo da zane a takarda: ƙulli ɗaya mai zarge, a kafaɗar hagu. Suna ciki suna koyarwa, mai ƙullin tana waje tana goge sawun takalmansu.

Sai aka kawo mai zane ya yi hoto a bangon barandar, babba, daga ƙasa har kusa da rufi. Kwana goma yana kan tsani. Tun a rana ta uku na gane abin da yake kwafa. Ga tagarmu, ga kujerar nan mai karyayyen hannu, ga farin zane, ga ƙulli a kafaɗar hagu, ga jariri da hula mai jan zare. Amma matar yarinya ce ɗanya, doguwar wuya, hannuwa sumul har da zobe. Inda bokiti yake a hoton da 'Yar Littafi ta ɗauka an sa tukunyar fure. A ƙasa ya rubuta kalma ɗaya da manyan baƙaƙe: UWA.

Na tsaya a gindin tsanin na ce, "Malam, ina bokitin?"

Ya leƙo. "Wane bokiti, Hajiya?"

"Na cikin hoton da ke aljihunka. Da matar da ke ciki. Ga ta can ƙarshen baranda, ka gan ta?"

Ya duba, ya sosa kai da gindin burushi. "Ni dai hoto aka ba ni, aka ce in mai da ita uwa."

"Da can mece ce?"

Ya ci gaba da shafa wa furensa kore.

Ranar buɗe sabon ɗakin an jera kujeru a barandar. Yaya ce ta wanke ta tun da sassafe, sannan ta koma ƙarshe ta tsaya da sandarta. 'Yar Littafi ta zo, yanzu Dakta ake ce mata. Ta tsaya a gaban hoton ta yi jawabi mai daɗi. Ta ce masu zane tun zamanin da sun gane abin da ilimi bai tabbatar ba sai yanzu. Ta ce a dubi kunnen jaririn a kan zuciyar uwarsa, a dubi ƙullin nan da ba ya raba su. Aka tafa.

An gayyato iyaye mata da aka ce sun amfana, har da telar, da Ɗan Tsako a hannu, ya yi ɓul-ɓul yana jan ɗankunnenta. Tun ana jawabi take kallon bangon. Tafi na lafawa sai ta ce, da ƙarfi, ba da niyyar faɗa ba, mamaki ne kawai, "Lah! Wannan ai ɗana ne. Ga hular da na ɗinka, ta uku. Amma wannan matar ban san ta ba. Ina Mama?"

Ta waiwaya ta hango Yaya, ta ratsa kujeru ta nufe ta, ta miƙa mata yaron. "Mama, ga kwastomanki. Riƙe ki ji nauyi."

Yaya ta kai hannuwanta baya. Sanarwar da na buga tana manne a ƙofa, daidai saman kanta. Ta ce, "Allah ya raya. Ya yi kyau. Riƙe abinki."

Sai ga Dakta ta taho da hannuwa a buɗe. "Mama!"

"Sannu da zuwa, Dakta."

"Haba Mama, wane irin Dakta? Ni ce fa, 'yarki."

"A'a. An ƙirga min. Sau ashirin da bakwai na faɗa, aka ce ya yi yawa. Ban ƙara ba."

Fuskar Dakta ta sauya. Ta rage murya. "Mama, ban sa sunanki ba. Malamina ne ya ce dole a nuna ɓangare biyu, in ba haka ba ba za a karɓi aikin ba. Ban san za su cire ki ba, wallahi. Ki duba alherin da ya fito, kwalabe huɗu..."

Yaya ta nuna wayar da ke hannun Dakta da haɓa. "Wannan a kashe take?"

Dakta ta dubi wayar. Yaya ta ɗauki bokitinta ta zagaya ta bayan kujeru ta wuce. Ni kuwa na gaya wa Dakta abin da ke raina, ba zan maimaita shi a nan ba, ya jawo min takardar gargaɗi, kuma ita ma ni na buga ta.

Da a nan labarin ya ƙare da na ce Yaya ta rama, ko yaya ne. Amma bayan mako biyar, ranar wata Talata da hantsi, aka kawo jariri na goma sha ɗaya. Uwar tana ɗakin tiyata. Nas biyu ne kawai a bakin aiki, kowace da yara biyar a wuyanta. Ina gani Sista ta fito baranda, ta duba hagu ta duba dama, ta je ta tsaya a gindin hoton nan inda Yaya ke goge ƙasa.

"Yaya, ki rufa min asiri. Shugaba ya tafi taro. Zan sa makulli, ba wanda zai sani."

Na fito daga ofis na ce, "Kar ki je, Yaya. Su ɗauko matar bangon ta riƙe musu."

Ba ta ko dube ni ba. Ta jingine sandar, ta sa hannu a aljihu. Ledar tana nan. Wata da watanni an hana ta taɓa yaro, amma ashe kullum sai ta tafasa zanen ta goge ta zo da shi. Wannan ne ya fi komai ƙona min rai, kuma ban san da wa nake fushin ba.

Ta wanke hannu sau uku. Aka kulle ƙofa, sanarwa na manne a bayanta. Ta zauna a bakin taga da yaron a ƙirji, ni ina kallo ta tagar ofishina. Minti goma, minti ashirin, ba ta ce uffan ba. Ɗakin da aka saba jin ta tana ba jarirai labarin layin kati, sai ƙarar na'ura kawai.

Sista ta kasa daurewa ta ce, "Yaya, ba za ki gaya masa abin da ya zo ya tarar ba?"

Ta girgiza kai, tafin hannunta a bayan yaron. "Ban san me zan kira shi ba."

Awa huɗu ta riƙe shi, har uwar ta farfaɗo. Yaron ya rayu. A rahoton watan an rubuta cewa ɗakin yana da kwalabe goma kuma sun wadatar. Ni na buga.